Wa Ke Biyan Kuɗin Kunyar Shugaba?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, tun ranar da aka fara ɗora mini nauyin shugabantar mutane a wurin aiki. Idan wanda ke ƙarƙashinka ya girme ka, ko ma shi ne ya koya maka aikin, sai ga shi ya fara gazawa, shin kame bakinka kara ce, ko kuwa cin amana? Na yi shekara biyu ina ba kaina amsa guda, daga baya rayuwa ta ba ni wata daban. Abin da ya faru tsakanin amsoshin nan biyu shi nake so in shimfiɗa a gaban mai karatu, ko Allah zai sa wani ya tsallake ramin da na faɗa.

Makullin mangaza

Na fara aiki ne a wata ƙungiyar manoma a yankin Maraɗi, wadda ke kula da bankunan cimaka na ƙauyuka da dama. Ga wanda bai san tsarin ba, abin mai sauƙi ne. Da kaka, lokacin da gero ya yi araha, ƙungiya ta saya ta adana a mangaza, wato babban ɗakin ajiya. Idan damina ta kankama, rumbuna suka yi ƙasa, farashi ya hau a kasuwa, sai a buɗe a riƙa sayar wa membobi tiya-tiya cikin rangwame. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kimanin tiya 40. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a Maraɗi da Damagaram da Tawa ya san wannan ba aikin wasa ba ne. A watan Agusta, tiya ɗaya ta gero tana iya zama ita ce tsakanin magidanci da sayar da akuyarsa ta ƙarshe.

Makullin babbar mangaza yana hannun wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Shi ya karɓe ni ranar da na zo, ina saurayi da takardar makaranta da jin cewa na san komai. Shi ya nuna mini yadda ake jera buhuna a kan katako, nesa da bango, don kada danshi ya taɓa su. Shi ya koya mini in ciji ƙwayar gero in san ko ta bushe, in cusa hannu cikin buhu in ji ɗumin da ke nuna ƙwari sun shiga, in kuma rubuta duk abin da ya shiga ko ya fita tun kafin mai kaya ya juya baya. Da na tashi aure, yana cikin dattawan da suka je nema mini. A shekaru masu yawa da ya yi riƙe da makullin nan, ba a taɓa jin an ce ko tiya ɗaya ta yi ɓatan dabo ba.

Bayan shekara bakwai kwamitin ƙungiya ya naɗa ni manaja. Baba ne ya fara zuwa yi mini murna, ya dafa kaina ya yi addu'a. Daga ranar nan, a baki yana nan Baba, amma a takarda ya koma ƙarƙashina.

A ƙidayar ƙarshen shekarata ta farko, sai buhu uku suka yi ƙasa. Na zauna da littafin ajiya dare guda, na gano inda gizo ke saƙar. An tsallake layi a wasu shafuka, an kuma karanta 7 a matsayin 1 a wurare biyu. Sai na tuna abubuwan da na riƙa gani ina kawar da kai: yadda Baba ke kusanto da littafi dab da hancinsa, da yadda yake kiran ɗaya daga cikin leburori ya karanta masa lamba, wai yana gwada karatunsu. Idon Baba ne ya fara yana. Washegari na je kasuwa na sayi buhu uku da kuɗina, na sa aka shigar da su da yamma bayan an tashi, ban ce wa kowa uffan ba. Na kwanta a ranar ina jin na yi abin da ɗan halas zai yi wa ubansa.

Akwai wani yaro da ke riƙe mana da lissafi, bai daɗe da gama karatu ba, kuma ba ɗan garin ba ne. Sau uku yana zuwa ofishina a kan maganar nan. Na farko na ce masa zan duba. Na biyu na ce masa Baba ya fi mu sanin aikin nan tun ba a haife shi ba. Na uku na haɗe rai, na tambaye shi ko a gidansu ba a koya masa ganin girman manya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, yallaɓai." Bai sake zuwa ba. Ni kuwa na ɗauka magana ta mutu.

A shekara ta biyu buhu 11 suka yi ƙasa. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: tiya 440 ke nan. A lokacin muna ba kowane gida tiya 10 a zagaye ɗaya, wato gidaje 44 suka zo da jakunkunansu cikin tsakiyar damina suka koma hannu rabbana. Wannan karon aljihuna ba zai iya ba. Kwamiti ya zauna. Babu wanda ya ko kalli inda Baba yake, domin amanarsa ta wuce zargi, kuma da gaskiyarsu. Sai idanu suka koma kan baƙon yaro mai riƙe da alƙalami. Ina zaune a wurin, na san gaskiyar magana ciki da bai, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "A yi bincike tukuna." Ba a kore shi ba, ba a kuma wanke shi ba. Gaisuwa ta yi sanyi, aka daina barinsa shi kaɗai a ofis. Kafin wata ya zagayo ya ajiye aiki ya koma garinsu.

Kunya da masu kama da ita

Ba zan zagi kunya ba, domin ba ta yi mini laifin komai ba. Kunya ce ke sa mu zauna da juna ba tare da mun cinye juna ba. Ita ke hana yaro ɗaga murya a gaban babba, ita ke hana mai bin bashi tona asirin wanda yake bi a bainar jama'a. Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura a nan shi ne kunya da ladabi suna zaune a tabarma ɗaya da gaskiya da amana da adalci. A zaman gida da na unguwa, ba kasafai suke karo da juna ba. A wurin aiki kuwa, musamman ga wanda aka danƙa wa shugabanci, kusan kullum sai sun haɗu a ƙofa ɗaya, kuma dole ɗaya ta jira ɗaya ta wuce.

Harshenmu ya rarrabe abubuwan da muke haɗawa a buhu ɗaya. Akwai kunya, wadda ke hana ka aikata abin da bai dace ba. Akwai kara, wato ka bar haƙƙinka ko son ranka don ganin idon wani. Akwai kawaici, ka ga abu ka yi kamar ba ka gani ba. Sannan akwai na huɗu, wanda ba ma son kiran sunansa, shi ne tsoro. Tsoron a ce yaron nan ya samu kujera ya manta wanda ya goya shi. Tsoron zaman mintoci goma masu nauyi a gaban mutumin da kake jin nauyinsa. Wannan na huɗun gwani ne wajen aron rigar sauran ukun. Malamai sun daɗe da gane shi. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahih Muslim, ya kawo bayanin cewa abin da ke hana mutum fuskantar wanda yake girmamawa da gaskiya ba ainihin kunya ba ne, rauni ne da gazawa, mutane ne kawai suke kiransa kunya saboda sun yi kama.

To, yaya mutum zai bambance? Ni dai ma'auni uku na samu, kuma da tsada na saye su.

Na farko: daga aljihun wa ake biya? Kara ta gaskiya daga aljihun mai yin ta take fita. Idan maƙwabcina ya ci mini iyakar gona da taku biyu na kyale shi, gonata ce, na yi kara. Amma idan gonar marayu ce aka ba ni riƙo, kyalewar ta zama kyauta da kayan da ba nawa ba. Shugaba a wurin aiki kusan duk abin da ke hannunsa riƙo ne: kuɗin ma'aikata, lokacin abokan aiki, sunan ƙananan ma'aikata, da haƙƙin mutanen da aka kafa wurin dominsu. Ni na ji daɗin zama mai kara, amma gidaje 44 da wani yaro baƙo ne suka biya, kuma babu wanda ya nemi izininsu.

Na biyu: wa shirun yake karewa? Na daɗe ina gaya wa kaina Baba nake karewa. Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga shirun bai ƙara wa idon Baba haske ko kaɗan ba, bai kuma hana leburori gane halin da yake ciki ba. Abin da ya kare kawai shi ne fuskata, da sunana na yaro mai ladabi.

Na uku: shin wanda ake yi wa karar, in ya sani, zai yarda? Da an ce wa Baba, "Za mu rufa maka asiri, amma za a zargi yaron nan da sata," na rantse da ba zai kwana da makullin nan ba. Ashe na yanke hukunci a madadinsa, na sa shi cikin zaluncin da bai sani ba, bai kuma zaɓa ba.

Wani zai ce, to ai buhu ukun farko daga aljihunka ka biya, wannan kam kara ce tsantsa. Na yi wannan tunanin, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Sai dai abin da na saya da kuɗin nan ya wuce gero. Na sayi ƙarya na zuba a littafin ƙungiya. Littafin ya nuna komai lafiya, alhali akwai ciwo. Kwamiti bai sani ba balle ya nemi magani, Baba bai sani ba balle ya yi hattara. Hausawa suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Buhu uku da aka ɓoye su ne suka haifi sha ɗaya.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cuta ce ta Bahaushe shi kaɗai. Ranar 27 ga Maris, 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife da ke ƙarƙashin Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Har yau babu haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka. Matuƙin jirgin da ya fara gudu don tashi yana cikin manyan matuƙan kamfaninsa, shi ne ma shugaban masu horar da matuƙa a kan irin wannan jirgi. Na'urar naɗar murya ta nuna cewa injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar titin. Matuƙin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, daga nan babu wanda ya sake ja. Dalilan haɗarin suna da yawa, akwai hazo, akwai ruɗanin magana ta rediyo, amma nauyin bakin ƙarami a gaban babba yana cikin darussan da aka fi ɗauka daga gare shi. A shekarun da suka biyo baya kamfanonin jiragen sama suka shigar da sabon horo, wanda ke koya wa ƙarami yadda zai faɗi abin da ya gani ƙarara, yake kuma koya wa babba yadda zai saurara.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne, wanda ya hango haɗarin ya yi magana, sau ɗaya. Yaron da ke riƙe mana da lissafi ya fi shi ƙoƙari, sau uku ya yi. Ni ne na koya masa yin shiru. Wannan ita ce ɓarnar da ba ta shiga littafin ƙidaya. Ma'aikata ba abin da shugaba ke faɗa a taro suke saurare ba, abin da ya faru da wanda ya faɗi gaskiya suke kallo. Bayan tafiyar yaron nan na yi watanni babu wanda ya kawo mini labarin matsala ko ɗaya. Direba ya san tayar mota ta cinye, bai faɗa ba. Mai gadi ya san rufin kusurwar gabas yana yoyo, bai faɗa ba. Shugaban da ba a kawo masa mugun labari kada ya yi murna, alama ce an riga an yanke ƙauna da kunnensa.

Ƙofar gudu

A daidai lokacin ne wani abokina ya kira ni daga Yamai, ya ce akwai gurbi a wata ƙungiyar agaji, albashi ya fi nawa, ga mota. Na ga kamar Allah ne ya kawo mini mafita. In tafi da mutuncina, ban ɓata da Baba ba, ban ɓata da kwamiti ba. Har na rubuta takardar ajiye aiki na sa a aljihun tebur.

Barin aiki ba laifi ba ne, wani lokaci ma shi ne mafi girman jarunta. Tarihi ya nuna cewa wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda ganin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin mutanensu. Da ya isa Kano jama'a suka riƙe shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam kan yadda ake gudanar da mulki, daga baya ya koma gida. Shi ya tafi ne don ya ƙi zama cikin ɓarnar da wasu ke yi. Ni kuwa ɓarnar tawa ce, da hannuna na shuka ta. Da na tafi, wanda zai gaje ni ba ya da tarihin da nake da shi da Baba. Zai duba littafi ya ga gaskiya cikin mako guda, ya kira dattijon ofis ya miƙa masa takarda. Ni kuma ina can Yamai ana cewa ai da wane yana nan da ba a yi haka ba.

Duk mai shirin barin aiki ya kamata ya tambayi kansa: zuwa wani abu zan yi, ko gudun wani abu nake yi? Idan gudu ne, ya sake tambaya: abin da nake gudu, zai mutu da tafiyata, ko zan bar wa na baya ne ya taka? Ni na san amsar tawa. Na yaga takardar.

Zaure bayan isha'i

Ban kira Baba ofis ba. Na sayi goro, na je gidansa bayan sallar isha'i, muka zauna a zaure. Muka gaisa, muka taɓa maganar damina, na yi ta kewaye-kewaye har shi da kansa ya ce, "Ɗana, abin da ya kawo ka bai fito ba tukuna."

Na ce, "Baba, a gafarce ni. Maganar littafin mangaza ce. Ba yaron nan ba ne. Idonka ne, Baba. Tun bara na gani, na ɓoye."

Ya yi shiru har na fara jin kukan gyare a waje. Can ya ce, "Tun bara nake jiran ka."

Ya ce ya san idonsa ya tafi, amma bai san ya kai ga asarar buhu ba, domin ƙidayar bara ta fito daidai, sai ya ɗauka yana iya lallaɓawa. Ya ce sau da yawa ya yi niyyar kawo mini makullin, sai ya tuna bakunan da ke ci daga albashin nan, ya kuma ji nauyin a ce ya kasa. Da na gaya masa zancen buhu ukun da na saya, bai yi mini godiya ba. Ya ce, "Ka bar ni ina tafiya tsirara a kasuwa, kana bina a baya kana cewa rigata ta yi kyau." Sannan ya tambaye ni sunan garin su yaron.

Ranar zaman kwamiti na gaba, Baba ya riga ni tashi. Ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, ya ajiye makulli a kan tabarma. Ni ma na faɗi nawa, har da buhu ukun. Ban ji daɗin wannan zama ba ko kaɗan, kuma akwai waɗanda har na bar wurin ba su daina yi mini kallon wanda ya taɓa ɓoye musu abu ba. Suna da gaskiya.

Gaskiya ba gatari ba ce

A nan sai in juya ga masu ɗaya ra'ayin, waɗanda ke cewa wurin aiki ba gidan uwa ba ne, wanda ya gaza a sallame shi kawai. Wannan magana tana da sauƙi a bakin wanda ke zaune a ƙasar da mai barin aiki ke da fansho da inshorar lafiya. A wurarenmu albashi ɗaya yakan ɗauki gida guda har da na ƙanne da na marayun dangi, kuma da yawan ma'aikata babu abin da ke jiran su bayan aiki sai ikon Allah. Shugaban da ya yi amfani da gaskiya kamar gatari, shi ma raggo ne irin na farko. Wancan ya guji wahalar magana, wannan ya guji wahalar tunani.

Raba mutum da muƙami daban, raba shi da mutuncinsa daban. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abu Zarri muƙami lokacin da ya nema, ya gaya masa a fili cewa yana da rauni a wannan fanni kuma abin amana ne, amma wannan bai rage komai daga darajar Abu Zarri a wurinsa ba. Sayyidina Umar kuma, da ya sauke Khalid bin Walid daga jagorancin runduna, masana tarihi sun ruwaito cewa ya aika wa garuruwa bayani cewa ba don fushi ko ha'inci ya sauke shi ba. Ya karɓi muƙamin, ya tsare masa suna.

Aikin shugaba na gaske yana farawa ne bayan an faɗi gaskiyar. Me mutumin nan ya rasa, me kuma ya rage masa? Baba ya rasa karatun lamba. Bai rasa hannun da ke gane jiƙaƙƙen gero ba, bai rasa hancin da ke jin warin ƙwari tun daga bakin ƙofa ba, bai rasa girman da ke sa mai gari ya saurara idan ya yi magana ba. Kwamiti ya mayar da shi mai tantance hatsi a lokacin saye, da sasanta tsakaninmu da ƙauyuka idan an samu saɓani. Albashin ya ɗan ragu, wannan gaskiya ne. Muka haɗa kuɗi aka yi masa aikin cire yanar ido, ya dawo yana karanta Alƙur'aninsa. Da na yi magana tun shekarar farko, da duk wannan ya samu ba tare da kowa ya kwana da yunwa ba.

Ga abin da nake gaya wa duk ƙanen da aka ɗora a kan manyansa. Gaskiya a ɗaki, mutunci a fili. Ka je da wuri, tun abin yana buhu uku. Ka je da ƙafarka, kada ka aika takarda. Ka faɗi abin da ka gani, ka bar abin da ka zata. Ka tafi da shawarar mafita a hannu, ka kuma bar masa ƙofar da zai fita da kansa a ɗage. Ladabi shi ke zaɓa maka wuri da lokaci da lafazi. Amma ko za a faɗa ko ba za a faɗa ba, wannan ba hurumin ladabi ba ne, na amana ne.

Abin da bai gyaru ba

Ba zan rufe da cewa komai ya koma daidai ba, don bai koma ba. Ni da Baba muka shiga mota muka je garin su yaron. Baba ya durƙusa a gaban wanda bai kai ɗansa na uku ba, ya nemi gafara, ni ma na nema. Kwamiti ya rubuta takardar wanke shi. Ya karɓe mu da fara'a, mahaifiyarsa ta kawo mana fura, ya ce ya yafe duniya da lahira. Da na ce ya dawo bakin aikinsa, sai ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ranar nan a taro na yi ta kallon bakinka."

Bai dawo ba. Na ji yana riƙe da lissafin wani babban ɗan kasuwa, kuma ana yabon amanarsa. Gidajen nan 44 kuwa ban san yadda kowannensu ya ƙarasa wannan damina ba, ban kuma san ta inda zan bi in nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya ba.

An ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa yake zubawa. Na yarda. Cikin sharar da dole shugaba ya ɗauka har da a ce masa mara kunya, alhali shi ya san nauyin da ya danne a ƙirjinsa kafin ya buɗe baki. Har gobe idan na ji bakina ya yi nauyi a gaban wani ma'aikaci, nakan tsaya in tambayi kaina: wannan shirun da nake shirin yi, wa zai biya kuɗinsa? Idan ni ne, sai in yi shiruna da zuciya ɗaya. Idan wani ne, sai in nemi goro.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma rufa mana asiri duniya da lahira.